Juye a El Alto

Da sassafe ta zo, sanyi na yankan kunne,
dutsen Illimani da farar hularsa ta ƙanƙara
yana leƙen garejina ta saman rufin kwano.
Hilaria Apaza, gajeriya, kitso biyu har ƙugu,
ta kashe bas ɗinta a bakin rami,
ta sauko da littafi a hammata.

Ta ce, Saturnino, ban da daɗin baki.
In na juye baƙin man nan yau,
fetur zai ƙara min tafiya, ko zance ne?

Na zaro sandar awo, na goga a tsumma.
Abin da ya fito ya fi gindin tukunya baƙi,
ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a waje.
Na murza shi da yatsu biyu, yana ƙaras-ƙaras.

Da na so, da na sayar da galan da tatsuniya.
Mai gida na bina haya, jikata na son takalmi.
Amma shekara talatin da ɗaya a cikin ramin nan
sun koya min ƙarya ba ta kai mota gida.

Na ce, zai ƙara, amma kaɗan.
Injin da ke juya mai kauri
kamar mutum ne a cikin taɓo,
kowane taku sai ya biya.
Sabon mai, irin wanda aka rubuta wa injin,
zai rage masa nishin safiya.
Cikin lita ɗari ƙila ki tsira da ɗaya, ƙila biyu.
Wanda ya ce miki goma, jakarki yake kallo.

Ta buɗe littafin a kan murfin inji.
Rabin farko hannun Eleuterio ne,
manyan lambobi masu jingina da juna:
rana, lita, kilomita.
Sai shafi guda fari fat,
watan da aka kai shi makwanci.
Daga nan ƙananan lambobinta suka ɗauka,
a miƙe, da jan biro.

Na ce, ɓarayin manki ba a kaskon inji suke ba.
Ga tayar baya, ta zauna kamar mai jin barci.
Ga ƙarfen kaya a rufi, babu kaya, iska yake kokawa da ita.
Ga ƙafarki ta dama,
wadda na ji ƙararta tun daga kwanar kasuwa.
Ta harare ni. Ba ta musa ba.

Na shiga rami, na kwance noti.
Tsohon mai ya zubo, da ɗumi, a hankali,
ɗauke da duk hawan da ta yi daga La Paz
da mutum goma sha huɗu da buhunan dankali.

Sati shida ban gan ta ba.

Ran wata Alhamis ta tsaya, ba ta ma kashe mota ba,
ta miƙo littafin ta taga.
Lita ɗaya da rabi, in ji ta.
Ban san nawa ne na manka, nawa ne na taya,
nawa ne na ƙafar da ka zaga ba.

Na ce, to ya biya kuɗinsa?
Ta ce, bai biya ba. Ko rabi.
Ta yi shiru, ta karkata kunne wajen injin,
yana kaɗawa sumul, babu tarin nan na da.
Haka yake yi, in ji ta, lokacin da yake hannunsa.

Ta karɓi littafin, ta zana da'ira
a kan wata lamba can gaba, kilomita dubu biyar.
Fasinja suka fara bubbuga gilashi.
Ta sa giya.
Na tsaya ina saurare har ta sha kwana:
ƙafar ta yi sauƙi.